ALLURA DA TUKUNYA: DARASI A KAN ƊINKIN HANNU DA HAƘƘOƘIN GIDA

Da sunan Allah muke farawa, kuma gare Shi muke neman taimako. Muna gode maSa bisa ni'imar Musulunci, da ni'imar lafiya wadda da ita hannu yake riƙe allura, ido kuma yake ganin kafarta. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani abu da ake gani ƙarami, alhali kuwa yana haddasa saɓani a gidaje da yawa, wato ɗinkin hannu da saƙa da mata suke yi a cikin gida. Wani magidanci yana kuka cewa ɗinkin hula ya ɗauke hankalin iyalinsa, abinci ba ya sauka a kan kari. Wata kuma tana kuka cewa maigida ya hana ta abin da take samun natsuwa da shi, ko kuwa ya bar ta tana yi, amma da zarar kuɗi sun shigo sai ya miƙo hannu. Dukkansu biyu suna da buƙatar sanin cewa Shari'a ta ajiye kowane haƙƙi a mazauninsa, kuma wanda ya san jerin haƙƙoƙin nan, allura da tukunya ba za su yi faɗa a gidansa ba.

HALIN DA MUKE CIKI

Garin Arlit ya kafu ne a shekarar 1969 saboda ma'adinin yuraniyom. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da shi a 1971, COMINAK kuma a 1978, a nan ne garin Akokan ya bunƙasa. Ma'aikata suka zo daga Maraɗi da Damagaram da Tawa da sauran sassan ƙasa tare da iyalansu. Matan suka zo da abin da suka koya a gaban iyayensu: ɗinkin hula, da saƙar kwarashi, da adon zanen gado da rigunan matasai. Suka kuma tarar da matan Abzinawa waɗanda suka gaji ɗinkin fata, suna yin jakunkuna da matasai masu ado.

A lokacin da albashi yake zuwa kowane wata, mafi yawan wannan aiki abin ɗebe kewa ne ga matar da take nesa da danginta. Amma a ranar 31 ga watan Maris na 2021 aka rufe mahaƙar COMINAK, ɗaruruwan magidanta suka rasa aikinsu. Wasu suka koma garuruwansu, wasu suka nufi wuraren haƙar zinariya, wasu suka kama harkar mota da fatauci a kan hanyar da ta bi ta nan Assamakka zuwa In Gezzam ta ƙasar Aljeriya. A gidaje da dama, abin da aka ɗauka wasa a da, shi ya koma kuɗin cefane. Hausawa sun ce kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Saboda haka ya zama dole mu san hukuncinta.

ASALIN AL'AMARIN A SUNNA

Ɗinki ba aikin raini ba ne. Malaman tafsiri sun ambata cewa Annabi Idrisu (A.S.) shi ne farkon wanda ya ɗinka tufa. An tambayi Nana A'isha (R.A.) abin da Manzon Allah (S.A.W.) yake yi a cikin gidansa, sai ta bayyana cewa yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi kuma sai ya fita. Bukhari ne ya ruwaito wannan. A ruwayar Imamu Ahmad ta ƙara da cewa yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa. To, wanda yake jin girman kai ya ɗinke maɓallin rigarsa, sai ya duba da wa yake koyi.

Uwar Muminai Zainabu ƴar Jahshi (R.A.) tana jima, tana ɗinkin fata, tana sadaka da abin da ta samu. Manzon Allah (S.A.W.) ya sanar da matansa cewa wadda ta fi su tsawon hannu ita za ta fara riskarsa bayan rasuwarsa. Sai da Zainabu ta rasu a shekara ta 20 bayan Hijira, a zamanin halifancin Sayyidina Umar (R.A.), sannan suka gane cewa tsawon hannun nan yawan sadaka ake nufi.

Asma'u ƴar Abubakar (R.A.), matar Zubairu, ta ba da labarin farkon aurenta, lokacin da ba su da dukiya. Ita take ciyar da doki, ta ɗebo ruwa, ta ɗinke guga, ta kwaɓa gari. Ta kuma faɗa da bakinta cewa ba ta iya gasa gurasa da kyau ba, maƙwabtanta matan Ansar su suke gasa mata. Ku duba, ƴan'uwa: ga sahabiya mai daraja, ta iya allura, gashin gurasa ya gagare ta, kuma ba a mai da wannan abin gori ba. Maƙwabta ne suka rufa mata asiri.

ABIN DA MALAMAN MALIKIYYA SUKA FAƊA

Shaihu Khalil, a cikin Mukhtasar ɗinsa, a babin ciyarwa, ya rarrabe tsakanin hidima iri biyu, Shaihu Dardir kuma ya yi sharhi a kai. Idan mace tana daga cikin waɗanda a al'ada ake yi musu hidima, mijin kuma yana da hali, to wajibi ne ya samar mata mai hidima. In ba haka ba, hidimar cikin gida tana kanta gwargwadon al'ada, kamar kwaɓa gari da girki da shara da gyaran shimfiɗa. Amma saƙa da kaɗi da ɗinki, waɗanda ake yi domin neman kuɗi, ba su wajaba a kanta ba, domin nema wajibin miji ne. Daga nan hukunci uku suke fitowa.

Na farko: girkin gida da kula da yara suna gaba da ɗinki, domin haƙƙin wani ya rataya a kansu, shi kuwa ɗinki halal ne da za a iya jinkirta shi. Ba a gabatar da abin da aka ba mutum zaɓi a kansa a bar abin da aka ɗora masa.

Na biyu: miji ba shi da ikon tilasta matarsa ta yi ɗinki domin ta ciyar da gida. Ci da sha da tufafi da wurin kwana suna wuyansa, ko da matar ta fi shi samu.

Na uku: abin da ta samu da allurarta nata ne. Tana da ikon saye da sayarwa da shi, kuma bai halatta ga miji ya taɓa ko dala ɗaya ba sai da daɗin ranta. Abin da malaman mazhabarmu suka ba shi kawai shi ne, yana iya hana ta kyauta ko sadaka da ta wuce sulusin dukiyarta a lokaci guda.

Idan kuwa ta taimaki gidan da kanta, to ta yi abin da Zainabu matar Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) ta yi. Ita ma mai sana'ar hannu ce, tana ciyar da mijinta da marayun da suke hannunta. Ta aika Bilalu ya tambayar mata ko wannan zai isar mata a matsayin sadaka, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya ba ta albishir da lada biyu, ladan zumunci da ladan sadaka. Sadaka aka kira shi, saboda haka wanda aka yi wa sai ya gode, kada ya mai da shi haraji.

YADDA ZA A HAƊA SU

Lokacin da Salmanu (R.A.) ya ga Abud Darda'i (R.A.) ya duƙufa ga nafila ya bar iyalinsa, ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa ma suna da haƙƙi, Annabi (S.A.W.) kuma ya gaskata Salmanu. In har azumin nafila bai isa ya tauye haƙƙin iyali ba, ina ga adon hula? Haka kuma, tun da rai yana da haƙƙi, matar da ta wuni tsakanin murhu da wanki tana da haƙƙin ta zauna ta yi abin da yake sanyaya mata zuciya. Ga nasihohi ga ƴan'uwa mata:

1. A ware wa ɗinki lokacinsa. Da hantsi, bayan an karya kumallo yara sun tafi makaranta, ko bayan azahar idan an sauke tukunya. Ɗinkin rana ya fi na dare, domin zura zare a hasken tocila yana gajiyar da ido, ido kuwa amana ne.

2. Taura biyu ba ta taunuwa. Kada a ɗora tukunya a kan gas a koma ɗaki ana ƙirga ɗinki. A garin da itace yake da wuya, gas da taliya da man girki sai an ɗauko su daga nesa, ƙona abinci almubazzaranci ne, barin wuta ba mai tsaro kuma ganganci ne.

3. Allura da almakashi su sami gwangwaninsu mai murfi. Allurar da ta faɗi a kan tabarma ko cikin rairayi a inda jariri yake rarrafe, a tsaya a nemo ta kafin a ci gaba da komai.

4. In an kira salla, a soke allura a ajiye. Shaiɗan yakan zo ta ƙofar "bari in ƙarasa wannan layi," har rana ta yi ja la'asar ba ta samu ba.

5. Kaɗan mai ɗorewa ya fi mai yawa da yake yankewa. Sa'a guda kullum tana gama hula, sannu ba ta hana zuwa.

6. A zaunar da yara, mata da maza, a koya musu. Zaman ɗinki kuma ya zama wurin zikiri da tilawar abin da aka haddace. Kada a mai da shi majalisar cin naman mutane.

LADUBBAN AIKIN KANSA

Wadda take karɓar aikin mutane, ta sani ta shiga babin ijara. A yanke lada da ranar gamawa tun farko. Kada a karɓi hula goma gab da Salla alhali an san biyar za a iya, domin saɓa alkawari yana cikin alamomin munafunci. Ragowar zare da ƙyalle na mai kaya ne sai in ya yafe. Ibnu Abi Zaidin ya ambata a cikin Risala cewa masu sana'a suna lamunin kayan da suka ɓace ko suka lalace a hannunsu bayan idon mai shi. Saboda haka a kiyaye kayan mutane daga tartsatsin wuta da man miya.

Game da ado, furanni da ganyaye da zane-zanen da ba su da rai babu laifi a kansu. Surar mai rai kuwa barinta ya fi, musamman a abin da za a rataya. Kada a ɗinka ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a kan zanen gado ko matashi ko abin da za a zauna a kai. Abin salla kuma a sassauta masa ado, domin Manzon Allah (S.A.W.) ya mayar wa Abu Jahmin wata tufa mai zane saboda ta ɗauke masa hankali a cikin salla.

Sannan a fitar wa allura sadakarta. Mu mutanen Assamakka muna ganin bayin Allah da ake korowa daga Aljeriya, musamman tun daga shekarar 2017, ana sauke su a wurin da ake kira Point Zéro, su tako kimanin kilomita 15 a cikin rairayi, su iso da tufafi a yage. Ɗinke rigar baƙo, ko saƙa hular sanyi ga jaririn matafiya a lokacin hunturu, suturta Musulmi ne da taimakon ɗan hanya, kuma shi ne tafarkin Zainabu ƴar Jahshi.

KIRA GA MAGIDANTA

Ya ku maza, ku ji tsoron Allah game da matanku. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya zo neman ilimi har Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya yi kakkausan zargi a cikin Nurul Albabi ga waɗanda suke ɗora wa matansu girki da wanki, su bar su cikin jahilci game da addininsu. Wanda yake neman tuwonsa a kan kari, to ya kawo cefane a kan kari. Wanda ya ga abinci ya makara rana ɗaya, ya tuna da ranakun da bai makara ba. Kada fushi ya sa ka yaga aikin da ta yi wata guda tana yi, ko ka hana ta don ƙuntatawa kawai. In ka ga ɗinkin yana cutar da lafiyarta ko yana tauye haƙƙin yara, ku zauna ku tsara lokaci cikin mutunci. Ka sayo mata zare in ka je kasuwar Arlit, ka riƙe mata yaro sa'ad da kake gida, ka ba ta damar zuwa makarantar Islamiyya. Manzon Allah (S.A.W.) ya sanya kyautata wa iyali ma'aunin alherin mutum.

Muna roƙon Allah Ya sanya albarka a hannuwan iyayenmu mata da matanmu da ƴaƴanmu, Ya buɗa wa waɗanda suka rasa aiki ƙofar halal, Ya mai da matafiya gidajensu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu Nijar da sauran ƙasashen Musulmi cikin aminci. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.