Haɗa Rediyon Aikawa da Karɓar Saƙo a Gida

Akwatin rediyon da aka saba da shi saurare kawai ake yi da shi. Amma akwai wani iri wanda ke karɓar saƙo ya kuma aika, ɗan'uwan wanda jama'a ke kira oba-oba. Masu sha'awar wannan fasaha sukan sayo kayansa a warwatse cikin kwali, tare da littafin bayani, su haɗa da hannunsu. Kamfanin Heathkit na jihar Mishigan a Amurka shi ya yi fice a wannan harka, daga 1947 har zuwa 1992 lokacin da ya daina. Daga baya wani injiniya ɗan Indiya, Ashhar Farhan, ya ƙirƙiro BITX20, wanda aka tsara domin a haɗa shi da kaya masu araha.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara fahimta shi ne iyakar kunnen ɗan Adam. Kunne ba ya jin girgizar da ta wuce sau 20,000 a daƙiƙa, alhali saƙon da ke tafiya a kan mita 40 yana girgiza kimanin sau miliyan 7. To yaya za a ji shi? Dabarar ita ce, na'urar tana samar da tata girgizar, sannan ta gauraya ta da wadda eriya ta kamo. Idan saƙo ya zo da 7,030,000, na'ura kuma ta samar da 7,029,300, bambancin da ke fitowa shi ne 700, kuma wannan sauti ne da kunne ke ji sarai. A kan wannan ƙa'ida aka gina HW-8, wanda Heathkit ya fitar a 1976.

Ƙarfin irin waɗannan ƙananan na'urori ba shi da yawa. Duk da haka saƙonsu kan tsallaka teku, domin wani sashen sararin samaniya mai ɗauke da cajin lantarki yana maido da gajeren zango ƙasa a wuri mai nisa. Eriyar kuwa waya ce mai tsawon kimanin mita 20, wadda aka raba biyu a tsakiya.

Wurin haɗawa, gaggawa ita ce babbar abokiyar gaba. Naɗa waya a kan ɗan zoben nan yana bukatar ƙirga mai kyau, don kuwa zagaye guda ya isa ya karkatar da zango. Kada kuma a gwada aika saƙo ba tare da eriya ko madadinta mai om 50 ba, domin tiransisto na iya ƙonewa nan take.

Akwai kuma batun lafiya, wanda littattafan bayani kan taƙaita fiye da kima. Ƙarfen da ake narkawa a liƙa kayan galibi kashi 60 kuza ne, kashi 40 dalma. Dalma guba ce mai taruwa a ƙashi, tana kuma lahanta ƙwaƙwalwar yara ƙanana. Saboda haka a wanke hannu kafin cin abinci, a buɗe taga saboda hayaƙin, a kuma nisanta yara daga teburin aiki.

Doka ba ta yarda a aika saƙo ba sai da lasisin hukuma. Wanda ya samu akan ba shi lambar kira: ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar kuwa da 5U.