Amsoshin Tambayoyinku: Tallafin ƙungiyoyin unguwa

Wata mai sauraronmu daga Jakara, cikin birnin Kano, ta ce ƙungiyarsu ta mata na kula da masu tarin fuka da masu cuta mai karya garkuwar jiki, shin akwai tallafin da za su nema?

Hajiya, akwai, Allah ya saka muku. Kuɗi masu yawa daga Asusun Global Fund suke fitowa, wanda aka kafa a 2002 don yaƙi da waɗannan cututtuka biyu da zazzaɓin cizon sauro. Sai dai ba ya miƙa wa ƙungiyar unguwa hannu da hannu, ta manyan ƙungiyoyi irin su NEPWHAN, ƙungiyar masu ɗauke da ƙanjamau a Najeriya, ake bi. Ku yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC, ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, sannan ku gabatar da kanku ga hukumar yaƙi da ƙanjamau ta jihar Kano.

Shawarata, kada ku nemi kuɗin magani, kyauta ake bayar da shi a Asibitin Murtala da Asibitin Zana. Ku nemi na abinci da kuɗin A Daidaita Sahu, domin yunwa da rashin kuɗin mota ke sa mutum ya yanke maganin tarin fuka kafin wata 6 su cika. Duk wanda ya ce ku biya shi kafin tallafi ya fito, ku guje shi.