Darasi: Tanadin Hunturu Ga Mai Ƙaramin Ƙarfi

Darasinmu na wannan karo ya shafi abin da ke isowa kowace shekara ba tare da ya saɓa alkawari ba, amma kullum sai ya iske mu kamar ba mu san da zuwansa ba, watau hunturu. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa Fabrairu iskar gabas takan taso ɗauke da ƙurar hamada, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta busar da ƙasa da fatar jiki da maƙogwaro. A Maraɗi da Damagaram sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15, a Bilma kuwa an taɓa samun shi ƙasa da sifiri. Mutanen Turai za su ce wannan ba sanyi ba ne. To, amma su ɗakunansu an gina su domin sanyi, mu namu an gina su domin zafi, tufafinmu ma haka.

Mu fara da rumbu, domin wanda cikinsa ba kome shi ɗari ya fi kamawa. Hunturu yana biyo bayan kaka ne, lokacin da hatsi ya fi araha kuma hannun manomi ya fi sakewa. A nan ne asarar shekara take farawa. Ana sayar da damma a farashin banza domin biki, ko domin kuɗin motar zuwa kallon kokawa, sa'an nan a dawo cikin Yuni a sayi hatsin nan da tsada, wani lokaci a hannun mutumin da aka sayar wa. Ba mu hana biki ba, aure sunna ne. Abin da muke kira gare shi shi ne lissafi kafin a kwance bakin buhu. Tiya guda ta hatsi tana kai wajen kilo 2 da rabi, saboda haka buhu mai kilo 100 yana ɗaukar tiya 40. Gidan da ke cin tiya 2 kowace rana yana cin tiya 60 a wata, buhu ɗaya da rabi ke nan. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Satumba wata 11 ne, watau buhu 16 da rabi. Kowane maigida ya zauna da uwargida, ita ce ta san abin da turmi ke ci, su yi nasu lissafin da nasu adadin. Abin da ya yi saura bayan wannan, shi ne abin sayarwa. Kafin duk wannan kuwa a fitar da zakka idan amfanin ya kai nisabi, wanda shi ne sa'i 300: kashi ɗaya cikin goma ga gonar da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga wadda aka shayar da wahala.

Wake shi ne ya fi saurin lalacewa, kuma shi ne naman talaka. Iyayenmu suna gauraya shi da toka ko rairayi mai laushi cikin tulu su liƙe baki. Tun daga 2007 an yaɗa buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda masu bincike na INRAN a Maraɗi suka yi aikin gwajinsa. Sirrinsa ɗaya ne: idan aka ɗaure kowane riɓi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu ba tare da an zuba magani ba. Jarka ko tano mai murfi mai kamawa yana yin wannan aiki, muddin waken ya bushe sarai kuma an cika mazubin har baki. Muna gargaɗi da babbar murya game da zuba maganin feshin gona cikin abin da iyali za su ci.

Mai niyyar tafiya cin rani, wannan lissafi ya fi wajaba a kansa. Ciyarwa da tufatarwa da wurin kwana hakki ne na iyali a wuyan miji, kuma tafiya ba ta sauke shi. Bai kamata mutum ya hau mota zuwa Kano ko Abijan ya bar mata da ƴaƴa cikin ɗaki mai ɓaraka, da alkawarin zai aiko ba.

Gyaran ɗaki ba ya cin kuɗi, ƙarfi yake ci. Damina ta zaizaye bango, to a kwaɓa ƙasa a yaɓe tsagogin, musamman na gabas da arewa inda iskar ke bugowa. A gyara darni da sabon kara tun yana da yawa a gona, a rataya asabari ko tsohon buhu a bakin ƙofa. Sanyi daga ƙasa yake hawa jikin mai barci, saboda haka kwali ko busasshiyar ciyawa ƙarƙashin tabarma yana yin abin da bargo na biyu zai yi. Kayan sanyi kuma a saye su cikin Oktoba wurin masu gwanjo, kafin ɗari ya sauka farashi ya tashi. Da sanyin safiya ake kama fara. A wanke su, a shanya su a rana sosai. Riga biyu ko uku marasa kauri, ɗaya bisa ɗaya, sun fi guda mai kauri riƙe ɗumi, domin iskar da ke tsakaninsu ita ce ke tsare zafin jiki. Idan kuɗin bai isa kowa ba, a fara da jarirai da tsofaffi, hula da safa kafin kome. Man kaɗe ko man shanu kaɗan ya isa maganin faso da tsagewar leɓe.

Yanzu mu zo ga wuta, inda muke son mu daɗe, domin nan ne ake rasa rayuka. Akwai haɗari iri biyu, ɗaya ana ganinsa, ɗaya ba a gani. Wanda ba a gani shi ne na kaskon gawayi cikin ɗaki rufaffe. Gawayi idan yana ci inda iska ta yi ƙaranci yana fitar da wata guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar da muke rayuwa da ita. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya, daga barci sai a wuce. Sau da yawa idan aka wayi gari aka iske mutanen ɗaki guda a sume, sai a ce iskoki ne ko sammu, a tsaya neman mai ruƙiyya alhali kaskon yana nan a gefen gado. Abin yi shi ne a buɗe ƙofa da taga, a fitar da su sarari nan take, a garzaya da su gidan likita ko da sun farfaɗo. Ka'idar ita ce: a hura gawayi a waje, a ɗumama ɗaki ƙofa tana buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Garwashin da ya yi ja ba hayaƙi, shi ma yana fitar da gubar nan. Haka injin janareto, kada a tayar da shi cikin ɗaki ko zaure.

Wanda ake gani shi ne gobara. Cikin hunturu kara da zana da jinka sun bushe ƙayau, ga iska mai ɗaukar tartsatsi. Ba mu manta da gobarar babbar kasuwar Yamai ta 1982 ba, balle ta Nuwamban 2021 a nan Maraɗi, inda azuzuwan zana suka kama wuta yara fiye da 20 suka rasu, watanni kaɗan bayan irinta a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Allah Ya jiƙansu. Darasin da ke ciki ga kowane gida shi ne yadda zana take cinyewa cikin ƴan mintoci. A nisanta murhu da darni da rumbu, a kashe wuta da ruwa ko ƙasa bayan girki, kada a bar yara su kaɗai suna jin ɗumi da tufafin leda a jikinsu. Masu ajiye man fetur cikin kwalabe a ɗakin kwana su ji tsoron Allah game da maƙwabtansu. A birane lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18.

Itace ya yi tsada, wannan kowa ya sani. Murhu mai duwatsu uku a fili yana ba iska fiye da abin da yake ba tukunya. Murhun ƙarfe Mai Sauƙi, ko na laka da mace za ta gina da hannunta, yana rage cin itace ƙwarai. A jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, a girka a bayan katanga. Manoman da suka riƙi sassaben zamani, wanda ya faro a jihar Maraɗi cikin shekarun 1980, suna samun makamashi daga sassaƙar rassan itatuwan gonarsu ba tare da sun kashe uwar ba.

Game da tsarki, wasu suna zaton alwala da ruwan ɗumi tana da naƙasa. Ba haka ba ne, ruwan da aka ɗumama da wuta mai tsarki ne mai tsarkakewa. A ɗora buta kusa da murhu bayan tuwon dare, a naɗe ta da tsumma. Wanda kuwa yake tsoron ruwa zai jawo masa cuta, ko ya ƙara masa wadda yake da ita, ko ya jinkirta warkewarsa, kuma bai sami abin ɗumamawa ba, to babin taimama yana nan cikin Ahalari da Risala, ya tambayi malaminsa. Ƙyuya kaɗai ba uzuri ba ce.

Mura da tari ba makawa. Kunu mai citta da kanumfari, da yawan shan ruwa, suna taimakawa, ga kayan garka kamar kabeji da tumatir da karas suna araha a wannan lokaci. Amma iyaye su koyi ƙidayar numfashin yaro yana kwance lafiya lau ba kuka, minti guda cur. Idan ya kai 60 ga jaririn da bai cika wata 2 ba, ko 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko aka ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, wannan ciwon huhu ne, ba na jiƙe-jiƙe ba ne, a kai shi likita a ranar. Sanƙarau ma daga wannan lokaci yake farawa har zuwa bazara. Manyanmu suna tune da annobar 1995 da 1996, matasa kuma sun ga ta 2015 a Yamai. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba a kwana da su a gida, kuma idan masu allurar rigakafi suka zo a fito da yara.

Saura almajirai, waɗanda ke kwana a zaure da rumfunan kasuwa, suna ƙona tayoyi da leda domin jin ɗumi, hayaƙin da ke lalata ƙirji. Iyayen da suka kawo yaro gaban malam ba bargo ba tabarma, da sauran hakki a kansu. Mu ma da muke wucewa ta gefensu zuwa sallar asuba cikin manyan riguna, akwai namu. Muna ba kwamitin kowane masallaci shawara ya ajiye buhu a bakin ƙofa tun Juma'ar farko ta Nuwamba domin tara tsofaffin riguna da barguna, a naɗa mutum biyu amintattu su zagaya makarantun allo da gidajen zawarawa da marayu na unguwa su rubuta adadi, a raba kafin Disamba ta kama.