Kalmomin Sana'a da Aiki Waɗanda Ya Kamata Hakimai da Malamansu Su Sani

Kowace shekara, da zarar an kawar da amfanin gona a Karfi da sauran garuruwan ƙasar Malumfashi da Funtuwa, sai ƙararraki su yawaita a ƙofar dagatai da hakimai. Wannan ya ce an danne masa kuɗin aikinsa, wancan ya ce yaron da ya ke koya wa ɗinki ya gudu tun wa'adi bai cika ba. In aka bi diddigi, sau da yawa sai a tarar kalma ɗaya ce mutum biyu su ka fahimta dabam dabam. Don haka aka tsara wannan darasi, domin malamin hakimi ya rubuta kowace kalma a muhallinta.

1. Sana'a da ƙwadago

Sana'a ita ce aikin da mutum ya koya har ya ƙware, kamar ƙira, da ɗinki, da kafinta, da walda, da gyaran babur. Ƙwadago kuwa sayar da ƙarfi ne na ɗan lokaci, kamar noman firi, ko maimai, ko girbin masara a gonar wani. Wanda ya bar garinsu bayan kaka ya tafi Kano ko Kaduna neman kuɗi, da niyyar komowa kafin shuka, shi ne ɗan ci-rani. Gayya ba ta cikin waɗannan, gama taimakon juna ne, ba a bin kuɗinta.

2. Jinga da albashi

Jinga ita ce a yanka kuɗi a kan aikin kansa, watau a ce huɗar wannan gona naira kaza ce, ko a gama ta cikin yini ɗaya ko cikin uku. Albashi kuwa a kan lokaci a ke yanka shi, kuma Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta hana a wuce wata guda ba a biya ba.

A shekarar 2024 aka mayar da albashi mafi ƙanƙanta naira 70,000 a wata. Amma fa dokar ba ta hau kan mai aikin jinga ba, ko ɗan kamasho, ko mai aikin gona na damina, ko wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Lalle ne hakimi ya san wannan kafin ya ba wani gaskiya.

3. Takardar ɗauka da sanarwar sallama

Doka ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi takarda kafin wata uku su wuce, wadda ta bayyana irin aikin, da kuɗinsa, da lokutansa. In za a rabu kuwa, sai ɗaya ya sanar da ɗaya: kwana ɗaya in aikin bai wuce wata uku ba, mako guda in bai kai shekara biyu ba, mako biyu in bai kai shekara biyar ba, wata guda in ya kai shekara biyar.

4. Ɗan koyo da yaye

Ɗan koyo shi ne wanda aka danƙa wa maigida domin ya koyi sana'a. Ba ma'aikaci ba ne, ba kuwa bara ba ne. Doka ta ce a rubuta sharuɗɗan, jami'in ƙwadago ya shaida, wa'adin kuma kada ya wuce shekara biyar. Ran da ya ƙware maigida ya sallame shi ya kama nasa wuri, ita ce ranar yaye. Yawancin rigingimu daga nan su ke tasowa, saboda ba a faɗi ranar yaye tun farko ba, ba a kuma ce wa zai sayi kayan aiki ba.

5. Takardar shaida

Yabon maigida ba ya isa a ofis. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta kan yi Jarrabawar Sana'a mai hawa uku: a fara da aji na uku, sa'an nan na biyu, na ɗaya shi ne ƙoli. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, ita ke jarraba ɗaliban makarantun fasaha. Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977, ita ke duba manhajojin kwalejojin fasaha. Asusun ITF na 1971 shi ke kula da horon ma'aikatan masana'antu. Hukumar NDE kuma, wadda aka kafa a 1986, ta kan haɗa matasa da masu sana'a su koya.

6. Rashin aiki da ƙarancin aiki

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki sun kai kashi 33.3 cikin ɗari, a farkon 2023 kuwa kashi 4.1. Ba ayyuka ne su ka yawaita haka ba, mudun awo ne aka sake. A da, wanda bai yi sa'a 20 a mako ba marar aiki ne. Yanzu wanda ya yi aikin kuɗi ko na sa'a ɗaya cikin kwana bakwai, mai aiki ne. Saurayin Karfi da ya yi dako ran kasuwa, ya wuni a zaune sauran kwanaki, ƙarancin aiki ke damunsa. In aka nemi jerin sunaye, sai malami ya rubuta yawan kwanakin da kowa ya ke aiki, kada ya game su duka wuri ɗaya.

7. Dillalin aiki

Ba a yarda kowa ya tara mutane ya kai su aiki wani wuri ba sai da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago. Duk baƙon da ya zo da alkawarin aiki a Legas ko ƙasar waje, ya kuma nemi kuɗi tukuna, sai dagaci ya nemi ganin lasisinsa, ya sanar da hakimi nan da nan. Kada a sa hatimi a kan takardar da ba a karanta ba.

Abin da a ke roƙo

Ya kamata kowane malamin hakimi ya buɗe littafi guda na 'yan koyo, ya rubuta sunan yaro, da na maigida, da na waliyyi, da sana'a, da ranar farawa, da ranar yaye, da shaidu biyu. Shafi guda da aka cika yau ya kan raba gardamar da za ta taso bayan shekara uku.