DARASIN TURANCI: "NEAR" DA "CLOSE"

A ce wani saurayi ya zo Kaduna neman aiki. Ya sauka a tashar Kawo, sai ya sami saƙo daga wansa cewa, The office is close. Ya karanta, ya ce, "Ashe an rufe ofis," ya juya ya koma gida. Ofis kuwa yana nan kusa, ƙofa a buɗe. Ya yi hasarar kuɗin mota, aiki kuma ya wuce shi. Domin kada wannan ya same mu, bari mu duba kalmomin nan da kyau.

1. NEAR. Ma'anarta "kusa da." Ga misali: Ƙofar Gamji is near the river, watau Ƙofar Gamji tana kusa da kogi. Sai a lura, kalman nan ta riga ta ɗauki "da" a cikinta. Mutane da yawa sukan ce near with, gama suna tunani da Hausa. Wannan kuskure ne. A ce near the market kawai.

2. CLOSE. Ita ma "kusa" ce, amma sai an bi ta da to kafin a ambaci wurin: Malali is close to Unguwar Rimi. Akan faɗe ta kuma a kan zumunci. Close friend shi ne amini.

Ga inda saurayin nan ya yi tuntuɓe. Akwai wata close mai ma'anar "rufe." Rubutunsu ɗaya ne, amma ta kusa tana ƙarewa da sautin s, ta rufewa kuwa da sautin z. Da an rufe ofis, da wansa ya rubuta closed, da harafin d a ƙarshe.

3. NEXT TO. Wannan ita ce "dab da," babu kome a tsakani. Gidan da katangarsa ke haɗe da taka, shi ne next to gidanka. Zariya tana wajen mil 50 daga Kaduna. Mai zuwa daga Legas ya iya cewa tana near Kaduna, amma ba next to ba.

4. NEARLY. Kada kama ta ruɗe ku. Ba zancen wuri take yi ba. Ma'anarta "saura kaɗan." He nearly fell, watau saura kaɗan ya fāɗi, amma bai fāɗi ba.

Wanda ya buɗe tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na Turanci, na shekarar 1611, zai tarar da kalmar nigh. Ita ce uwar near da next. A tsohon Turanci nigh ita ce kusa, near mafi kusa, next kuma mafi kusa duka. Yau da gobe nigh ta tsufa, near ta gaje wurinta.

AIKI
Ku juya waɗannan da Turanci, ku nuna wa wanda ya fi ku sani ya gyara muku:
(a) Gidanmu yana kusa da kasuwa.
(b) An rufe kasuwa.
(c) Makaranta tana dab da asibiti.
(d) Saura kaɗan mota ta bar ni.

Ku karanta amsoshin da ƙarfi, kunne ya saba da bambancin s da z.