Darasi na 14: Ɗaukar Hoton Iyali Ranar Salla

A gidajen Hausawa da yawa da ke zaune nesa da gida, ko a zangon Kumasi, ko a Jidda, ko a Landan, ranar Salla ce take tara iyali wuri guda cikin sababbin kaya. A ranar ce akan ɗauki hoton da za a aika wa kakanni da sauran dangi. Idan hoton ya lalace, sai kuma wata Sallar. Kafin nan jariri ya soma rarrafe, wani tsoho kuwa mai yiwuwa ba za a sake samunsa a tsakiyar jikokinsa ba.

Abin da ya fi ɓata irin wannan hoto shi ne sa yara jira. Babba yana iya tsayawa ana gyara masa hula, amma ɗan shekara uku ba ya jure wa tsayuwa. Saboda haka ka'idar farko ita ce, mai hoto ya gama shirinsa duka kafin a kira yara.

Shiri na farko shi ne haske. Rana tsaka ba lokacin hoto ba ne, domin haske yana saukowa daga sama, ya bar duhu a ƙarƙashin idanu, yara kuma su riƙa runtse ido. Hantsi da bayan la'asar sun fi dacewa. Idan dole ne a ɗauka da rana, a nemi inuwar bango ko ta rumfa, mutane su fuskanci fili. Shahararren mai hoton nan na ƙasar Mali, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, da hasken rana ya ɗauki yawancin hotunansa, yana rataya ƙyalle mai zane a bayan mutane. Atamfa ko bargo da aka rataya a igiyar shanya ya isa ya ɓoye bokiti da takalman da ke tsakar gida.

Akwai wata matsala da kayan Salla suke jawowa. Idan farar shadda ta cika hoto, kyamara takan ɗauka cewa haske ya yi yawa, sai ta rage shi, fuskoki su yi duhu. Maganin wannan shi ne a auna haske a kan fuska. Mai amfani da waya ya taɓa fuskar mutum a kan allon, ya ɗan ƙara haske kafin ya ɗauka.

Bayan haske sai jeri. A zaunar da tsofaffi a tsakiya, matasa su tsaya a baya, a bar wa yara gurbi a gaba. A nan mai hoto yana bukatar sanin al'ada. A gidaje da dama uwa tana jin kunyar ɗanta na fari, ba ta ma kiran sunansa, suruka kuma ba ta sakewa kusa da surukinta. Kada a tilasta musu zama kafaɗa da kafaɗa. A ba kaka ɗan farin ta riƙe, domin tsakanin kaka da jika wasa ne, kuma wasan nan yakan fito da murmushin da ake nema.

Sai an kammala duk wannan za a kawo yara, bayan sun ci abinci, an kuma goge musu hannu da baki. Mai hoto ya tsuguna har kyamara ta yi daidai da idanunsu, don hoton da aka ɗauka daga sama yakan sa kan yaro ya yi girma, ƙafafunsa su gajarce. Kada ya yi tsawa, kada kuma ya ce a yi dariya. Gara ya tambayi yaro wanda ya ɗinka masa riga, ko nawa ya samu na barka da Salla. Kada 'yan kallo su riƙa kiran yara ta kowane gefe. Mutum ɗaya ya tsaya daidai bayan mai hoto ya ja hankalinsu.

Da yake yara ba sa daina motsi, mai babbar kyamara ya sa ta ɗauka cikin kashi ɗaya bisa 250 na daƙiƙa, ko abin da ya fi haka sauri. Ya kuma ɗauki hotuna da yawa a jere, domin a taron mutum 10 da wuya a rasa wanda ya ƙifta ido. Idan yaro ya fashe da kuka, a ba uwarsa shi, a dawo an jima. Kada kuma a yaɗa hoton yara sai da izinin iyayensu.

Ma'anar Kalmomi

hantsi: lokacin da rana ta ɗaga da safe
runtse ido: rufe ido da ƙarfi
gurbi: wurin da aka bar wa wani
ɗan fari: ɗan da mace ta fara haifa
ƙifta ido: rufe ido da buɗe shi nan take

Tambayoyi

1. Me ya sa marubucin ya ce a kira yara daga ƙarshe?
2. Yaya farar shadda take shafar hoto?
3. Don me ake ba kaka ɗan fari ta riƙe?

Aiki

Nemo jumloli 3 da suka fara da "kada" a cikin darasin, sannan ka mayar da su umarni. Bayan haka ka rubuta layi 10 a kan wani hoton iyalinku, ka faɗi inda kowa ya zauna da dalilin haka.