Darasi: Ciwon Ƙoƙon Gwiwa, Allurar Gaɓa da Maganin Sin

Mene ne wannan ciwo?

A bayan ƙoƙon gwiwarka akwai guringuntsi mai santsi. Shi ne ke sa ƙoƙon ya zame a kan ƙashin cinya ba tare da gogayya ba. In ya yi laushi ko ya farfashe, za ka ji zafi a gaban gwiwa lokacin tsuguno, durƙuso, hawan tudu, ko tashi bayan dogon zama. Wani lokaci gwiwar takan yi ƙara. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, saboda haka in ya ci, da wuya ya koma yadda yake. Amfanin magani shi ne rage zafi domin ka ci gaba da aikinka.

Allurar cikin gaɓa

Iri biyu aka fi yi. Ta farko ita ce hayaluronat, ruwa mai yauƙi kamar kuɓewa, irin wanda gaɓa ke da shi tun asali. Sau da yawa akan yi ta sau ɗaya a mako, har mako 3 zuwa 5. Wasu suna samun sauƙi na watanni, wasu ba sa samu. Ta biyu ita ce kotizon. Tana kwantar da kumburi da sauri, amma ƙarfinta na 'yan makonni ne. Ba a son ta wuce sau 3 ko 4 a shekara, gama yawanta na ƙara cinye guringuntsi. In kana da ciwon sukari, ka faɗa wa likita, don tana ɗaga sukari.

Yadda ake yi a ƙasar Sin

A asibitocin Sin sukan haɗa wannan allura da maganinsu na gargajiya. Suna tsira siraran allurai marasa magani a kewayen gwiwa, su yi tausa, su turara gwiwar ko su gasa ta da ruwan ganye mai ɗumi. Tun 1963 Sin take aiko likitoci Afirka, ta fara da Aljeriya, kuma akwai su a Nijar, Kamaru, Cadi da Gana. Waɗannan hanyoyi suna iya rage zafi da sassauta naman cinya, amma ba sa tsiro da sabon guringuntsi.

Ka kiyaye

1. Kada ka yarda mai allura na kasuwa ko na unguwa ya soki gwiwarka. Ƙwayar cuta in ta shiga gaɓa, tana iya lalata ta cikin 'yan kwanaki.
2. Kada a yi maka tsaga, ƙaho ko sakiya a gwiwa.
3. Kada ka sha ƙwayoyin da ake talla da sunan maganin Sin. An sha samun kotizon a ɓoye cikin irinsu, wasu ganyayen kuma suna lalata ƙoda.
4. Bayan allura, ka huta da aiki mai nauyi kwana 2, kada kuma ka gasa wurin.
5. In gwiwar ta kumbura, ta ɗauki zafi, ko zazzaɓi ya kama ka, ka zo asibiti a ranar, ko da dare ne.

Abin da za ka yi a gida

Ƙarfin cinya shi ne babban magani. Ka kwanta rigingine a tabarma, ka lanƙwasa ƙafa ɗaya, ka miƙe mai ciwon. Ka ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, ka ƙirga 5, ka sauke a hankali. Ka yi sau 10, safe da yamma. Wajen wanki, girki ko tatsa, ka zauna a kujera maimakon tsuguno. In kana da ƙiba, ka rage. Sai ka jure makonni kafin ka ga bambanci.

Tambayoyi

1. Me ya sa guringuntsi ba ya warkewa da sauƙi?
2. Wa ya cancanta ya yi maka allurar gaɓa?
3. Waɗanne alamu ne za su kawo ka asibiti nan da nan?